Labarin Masu Kama Manyan Ɓarayi da Iyakar da Aka Yanka Musu



 

Rabon da ya faɗo mana cikin wannan ɗan littafi na tunawa shi ne labarin doka. Amma labarin doka dogo ne, ya fi ƙarfin 'yan shafuffukan nan, saboda haka magana guda za mu kama, mu bi ta har inda ta kai mu. Maganar kuwa ita ce: in an yi babban laifi a ƙasa, watau kisan kai, ko fashi, ko satar mutum, wa a ke ba ikon ya bi sawu ya kama, kuma a ina a ke ce masa nan ne iyakarka? Ba da iko ba shi da wuya, takarda ce da hatimi. Yanka iyaka shi ne aikin da ya gajiyar da Sarakuna, ya gajiyar da Turawan mulki, ya kuma gajiyar da gwamnatocin da suka biyo bayansu.

Kada wani ya zaci Turawa ne suka zo da wannan al'amari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, cikin littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa manyan mataimakan mai mulki huɗu, waziri, da alkali, da mai tara haraji, da shugaban 'yan tsaro, ya kuma nuna cewa an tsai da na ƙarshen nan ne don kada mai ƙarfi ya danne raunana. Malaman Malikiyya kuma tun tuni sun rarrabe laifi da laifi. Wanda ya kashe mutum cikin husuma, maganarsa tana hannun masu jini, in sun so a yi ƙisasi, in sun so su yafe, sa'an nan a yi masa bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. Amma wanda ya tare hanya da makami, ya kashe fatake don dukiyarsu, watau hiraba, wannan ba na dangi ba ne, na Sarki ne, ko masu jini sun yafe ba a sakinsa. Ashe ke nan tun ba a san ɗan sanda ba, an san akwai laifin da ya wuce hurumin mai unguwa da dagaci, tilas sai fada ta sa hannu.

Hannun fada kuwa shi ne dogari. Galibinsu bayin Sarki ne ko cucanawa, da riga mai ja da kore, da jan rawani, Sarkin Dogarai na bisa kansu. Ba wanda ya taɓa zama ya rubuta wa dogari aikinsa. Shi ne mai tsaron lafiyar Sarki, shi ne ɗan aike zuwa ga hakimai, shi ne mai kamu, shi ne mai kai ɗaurarre gidan Yari, shi ne kuma mai buɗa hanya ran hawan salla. Iyakarsa bakin Sarki, abin da aka aike shi shi ne aikinsa na ran nan. In Sarki adali ne, dogari ya yi adalci. In kuwa an sami akasi, to, talaka sai ya hango jar riga daga nesa ya faɗa daji. Ga shi kuma ba shi da albashi tsayayye, ci da shansa da na dokinsa suna wuyan garin da aka aike shi.

Amma fa a lura, ba dogari ke gano ɓarawo ba, kamawa kaɗai ya ke yi. Masu ganowa waɗansu ne dabam, ba a kuwa kiransu da sunan doka. Mai unguwa ya san duk baƙon da ya kwana a unguwarsa, don ba a saukar da baƙo ba da saninsa ba. Fatoma ya san wanda ya iso zango da jakai uku ya tashi da biyar. Sarkin Fawa ya san saniyar da aka kawo wa mahauta da tsakad dare a rabin kuɗinta. Dillali ya san rigar da ba ta yi kama da mai sayar da ita ba. In an kore shanu, Sarkin Baka da maharbansa su bi sawu, arɗo ya faɗi shaidar da ke jikin dabbobin, duk garin da sawu ya shiga bai fita ba, dagacinsa ya san yana da magana a gaban hakimi. Wannan shi ne tarun da a ke kama manyan kifaye da shi, dogari bakin igiya kaɗai ya ke riƙe. Mu ajiye wannan a zuci, za mu komo kansa.

Turawa suka ci Kano cikin Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato cikin Maris. Gwamna Lugga ya bar wa Sarakuna shari'arsu, sai dai ya hana yanke hannu da sauran hukuncin da ke naƙasa jiki, ya kuma ce ba a zartar da hukuncin kisa sai Gwamna ya tabbatar. Ya zo kuma da nasa 'yan sanda, yawancinsu tsofaffin soja ne, ba 'yan garin da aka ajiye su ba. Da ma haka al'adar Turawa ta ke. Rundunar da suka kafa a Ikko a 1863 da sunan Hausawa a ke kiranta, don Hausawa ne cikinta, an kuwa zaɓe su ne saboda baƙi ne a can, ba su da surukin da za su ji wa kunya. Ba a daɗe ba ƙara ta yi yawa a Arewa. Ɗan sandan Gwamna ya shiga kasuwa ba ya jin maganar Sarkin Kasuwa, ba ya rusuna wa hakimi, ya ɗauki abin da ya ga dama ya ce Bature ne ya aiko shi. Manyan Turawa irin su Palmer na Katsina da Temple suka ga in aka ƙyale wannan, girman Sarki zai zube, mulkin da suka ɗora a kansa kuma ya zube tare da shi. Saboda haka zamanin Gwamna Girouard, 1907 zuwa 1909, aka janye 'yan sandan Gwamnati daga cikin manyan masarautu, aka ce dogarai su ne masu tsaron ƙasar Sarki. Da aka kafa baitulmali, Katsina da Kano a gaba, sauran suka biyo wajen 1911, sai dogari ya shiga takardar albashi, ya riƙa zuwa gaban Ma'aji ƙarshen wata kamar ko wane ma'aikaci.

Ga yadda aka raba gonar. Ɗan sandan Gwamnati ya riƙe barikin Turawa da kantuna, da hanyar jirgin ƙasa, da rakiyar kuɗi, da baƙin da ba su ƙarƙashin alkali, da irin laifuffukan da Gwamnati ta fi sa wa ido, kamar buga kuɗin jabu. Duk wanda ya ke talakan Sarki ne a ƙasar Sarki kuwa, na dogari ne da alkali, ko kaza ya sata, ko rai ya kashe. Manyan majalisun Sarakuna, waɗanda a ke kira masu daraja ta ɗaya, suna da ikon shari'ar kisan kai har ƙarshenta, sai dai a jira sa hannun Gwamna. To, ku duba da kyau, wannan iyaka ta wuri ce da ta mutum, ba ta girman laifi ba ce. Ba a tambayi mene ne aka yi ba, an tambayi a ina aka yi, kuma ɗan wane ne ya yi. Muddin ɓarawo na tafiya da ƙafa ko bisa jaki, wannan rabo ya isa. Amma jirgi ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ya tsiro a bayan ganuwa, gyaɗa ta kawo kuɗi, kuɗi ya kawo baƙi. Sai ya zama mutum ya fasa gida cikin birni da dare, kafin asuba ya shige Sabon Gari inda dogari ba shi da iko, da hantsi yana cikin jirgin Zariya. Sabon Garin Kano bai komo hannun En'e ba sai a 1940. Shekara nawa ke nan ɓarayi na kiwo a wannan tsakani!

Kano ce ta fara neman magani. A 1925, ƙarshen zamanin Sarki Usman, aka ware waɗansu mutane dabam da dogarai, aka yi musu kayan sarki, aka koya musu fareti, aka ba su kulki, aka ce aikinsu gadin birni dare da rana. Su ne 'yan gadi. Sauran masarautu suka ɗauka, sunan da ya zauna daga baya shi ne 'yan doka. Wannan ne karo na farko da aka tsaga aikin nan biyu: dogari ya koma ga fada da hidimar Sarki, ɗan doka ya fita titi da kasuwa. Amma aka tarar da wata matsala. Mutane sun saba ganin kamu aikin bayi ne, ɗan halas mai asali ba ya so a gan shi da igiya yana jan ɗaurarre. Dabarar da aka yi ita ce a ɗora ɗan Sarki bisa kan rundunar. A Katsina Sarki Muhammadu Dikko ya ba ɗansa Usman Nagogo riƙon 'yan doka a 1929. A Sakkwato, Abubakar na uku ya duba al'amarin doka sa'ad da ya ke Sardauna, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1938. A Kano, Alhaji Ado Bayero ya zama Wakilin Doka a 1957, ya riƙe har 1962. Duk ukun nan sun hau gadon iyayensu daga baya, Allah ya ji ƙansu. Dabarar ta ci, don aikin ya sami daraja, 'ya'yan mutane suka shiga, tsofaffin sojan da suka komo daga yaƙin Bama suka ƙara masa horo, aka riƙa aika waɗansu makarantar 'yan sanda ta Kaduna. Sai dai a ganinmu ta zo da kuɗinta, gama ta ƙulla doka da gidan sarauta ƙulli mai wuyar kwancewa, ranar biya kuwa tana tafe.

A ɗaya gefen, ran 1 ga Afrilu 1930 aka haɗa 'yan sandan Gwamnati na Arewa da na Kudu suka zama runduna guda, hedkwata a Ikko. Cikinta ne sashen bincike ya girma, wanda jama'a ke kira Si'aidi, 'yan sandan ciki masu farin kaya. Su ke da ma'ajiyar zanen yatsa, su ke iya bin mutum daga lardi zuwa lardi, su suka san yadda a ke kai gawa likita ya duba ya rubuta. Ga shi an sami gwanayen manyan laifuffuka, amma manyan laifuffukan ƙasar Sarki ba a hannunsu su ke ba. Sai En'e ta nemi taimako, ko Razdan ya sa baki, kana su shigo. In sun shigo ma ba a faye jituwa ba, don abin da ko wanne ke nema dabam ne. Alkali yana son shaidu adilai biyu, ko iƙirari, ko rantsuwar ƙasama. Joji yana son wuƙar da aka yi kisan da ita, da takardar likita, da bayanin da aka ɗauka ba da duka ba. Mai binciken da bai san gaban wa zai tsaya ba, yaya zai san abin da zai tara?

Rigimar ta fito fili a 1947, cikin shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu. Mutumin ya yi kisa cikin zafin zuciya bayan an tunzura shi. A Malikiyya kisan ganganci ne, hukuncinsa ƙisasi, haka kuwa majalisar Sarkin Gwandu ta yanke. A dokar Turawa tunzurawa tana sauko da laifin, ba a kashe mai shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan. Sarakuna da alkalai suka ji zafin abin ƙwarai, suka ce an shiga gonarsu. Aka yi ta gyaran doka shekara da shekaru, yau a matsa nan, gobe a matsa can, har 1958, sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta gayyato masana shari'a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Daga shawararsu aka fitar da kundin laifuffuka guda na Arewa duka, wanda aka ɗauko tsarinsa daga na Sudan, tare da kundin yadda a ke bin shari'ar laifi, suka fara aiki a 1960. Daga ran nan ɗan doka da ɗan sanda littafi guda su ke bi: a rubuta rahoton farko, a buɗe littafin bincike, a kai mutum gaban shari'a. Shekara hamsin da bakwai bayan cin Kano kafin a sami wannan.

Yanzu kuma tilas mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji a littafin tunawa, gama tarihin da aka cire masa ƙaya ba tarihi ba ne, kirari ne. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950. Ba a yin taron siyasa sai da iznin En'e, mai hana taron da ba izni kuwa ɗan doka ne, mai yanke hukunci alkalin En'e ne, mai tsarewa Yarin En'e ne. Sai ga wanda aka kafa don ɓarawo yana kama mai lacca, ana tuhumarsa da taro ba izni ko zagin sarauta. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, an shaidi Wakilin Doka Ado Bayero da ƙoƙarin hana tsare mutane bisa umurnin manya kawai. Amma sunan ya riga ya ɓaci. Hukumar Willink ta 1958, wadda ta saurari koke-koken ƙananan ƙabilu, ta fi karkata ga runduna guda ta tarayya. Da soja suka karɓi mulki a 1966, Janar Ironsi ya sa 'yan doka ƙarƙashin umurnin Sufeto Janar, kwamitin Yusuf Gobir ya ba da shawara a haɗe su ɗungum, Gwamnatin Janar Gowon ta amince. A 1968 aka rufe kotunan Sarakuna, alkalai suka koma hannun jihohi, gidajen Yari suka koma hannun tarayya. 'Yan doka aka tace su, wanda ya ci jarrabawa ya sa kayan ɗan sanda, wanda bai ci ba aka sallame shi. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe littafin En'e. Ba don sun kasa kama ɓarawo aka rushe 'yan doka ba. An rushe su ne don an aike su abin da ba nasu ba, suka je.

Abin da ba a lissafa ba ran haɗewar nan shi ne tarun da muka ambata. An ɗauki mai riƙe da igiya, an bar tarun a ruwa. Kurtun da aka kawo daga wata jiha mai nisa bai san fatoma ba, bai san Sarkin Fawa ba, mai unguwa kuma ba ya jin wajibi ne ya kai masa labari. Aka koma gidan jiya, watau baƙo na tsaron baƙi.

A daidai wannan lokaci ne kuwa fashi ya sake kama. Yaƙin basasa ya ƙare cikin Janairu 1970, bindigogi suka watsu a hannun mutane. Gwamnati ta kafa dokar soja ta fashi da makami a 1970, hukuncinta harbi. Aka harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Ikko cikin Satumba 1971, jama'a na kallo. Fashi bai tsaya ba. A 1986 Lawrence Anini ya addabi Benin da kewayenta, da aka kama shi sai ta bayyana wani babban ɗan sanda, George Iyamu, shi ke ba su makamai da labari. Dukansu biyu aka harbe su a 1987. Cikin Satumba 1992 kuma 'yan sanda suka harbe wani Kanar na soja a wani shingen hanya a Ikko. Soja suka fito neman fansa, 'yan sanda suka janye daga tituna, 'yan fashi suka sami gari ba mai tsaro. Cikin wannan hali ne aka ba wani hafsan 'yan sanda, Simeon Danladi Midenda, aikin kafa runduna ta musamman don yaƙi da fashi, wadda duniya ta sani da sunan SARS.

Bisa ga abin da shi Midenda ya bayyana daga baya, da mutum goma sha biyar ya fara, da motoci biyu marasa alama. Ba su sa kayan sarki, ba su nuna bindiga a fili, ba su kafa shinge, ba su tare matafiya. Su yi kwanto su jira labari, in 'yan fashi sun fito su auka musu. Ƙarfinsu duka a ɓoyewa ya ke. Lalle wannan tsari ne na mai hankali, laifi guda aka ba su, hanyar aiki guda. Amma iyakar tana cikin kan shugabansu ne da umurnin ofis, ba majalisa ce ta zauna ta kafa ta da doka ba, balle a ce ga wanda zai hukunta mai ƙetare ta. Da rundunar ta yi suna sai ko wace jiha ta so tata. Ta yaɗu ƙasa duka, ta sami motocinta, da ɗakunan tsare mutane nata na kanta, irin na Awkuzu a Anambra da na tsohuwar mayanka a Abuja. Waɗanda aka kafa don kada a gan su suka zama su ne aka fi gani, da baƙaƙen riguna da bindiga a kafaɗa, suna tare samari suna binciken wayoyinsu da kwamfutocinsu. Mai bin bashi ya kai musu ƙara, mai rikicin fili ya kai musu ƙara, don ya san wanda ya shiga hannunsu zai biya ko ba shari'a. Dogari ma a zamaninsa sai an aike shi. Wannan kuwa shi ke aiken kansa, shi ke kamu, shi ke tsarewa, shi ke yanka kuɗin beli. Ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto a kansu a 2016, ta sake fitar da wani a 2020, inda ta lissafa mutum 82 da aka azabtar ko aka wulakanta ko aka kashe ba shari'a tsakanin Janairu 2017 da Mayu 2020.

Ba a ce hukuma ba ta yi yunƙuri ba. Cikin Disamba 2017 aka sa hannu a dokar hana azabtarwa. Ran 14 ga Agusta 2018 Farfesa Yemi Osinbajo, yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa, ya ba da umurni a gyara rundunar. Sufeto Janar Ibrahim Idris ya tattara ta ƙarƙashin hedkwatar Abuja, ya ce daga yau fashi da makami da satar mutane kaɗai ne aikinta. Cikin Janairu 2019 magajinsa Mohammed Adamu ya mayar da ita hannun kwamishinonin jihohi. Ran 4 ga Oktoba 2020 ya sake hana ta sintiri da shinge da binciken waya. Mai karatu zai lura ko wace sanarwa maimaicin ta gabanta ce, wannan kaɗai ya isa shaida cewa ba a bi ta farkon ba. Samari suka cika tituna, ran 11 ga Oktoba aka rushe rundunar, bayan kwana biyu aka sanar da wata a madadinta mai suna SWAT. Ran 20 ga wata soja suka buɗe wuta a Lekki inda masu zanga-zanga suka taru. Kwamitin shari'a na Jihar Ikko ya ce a 2021 an kashe mutane a wurin, Gwamnatin Tarayya ta musanta.

Akwai wani abu da ya faru cikin makon nan wanda ya shafe mu. Gwamnonin Arewa, ta bakin shugabansu na lokacin, Simon Lalong na Filato, suka ce su ba su goyi bayan rushewar ba, don rundunar tana da amfani a jihohinsu wajen yaƙi da 'yan bindiga. Mutanen Kudu suka yi ta mamaki. A ganinmu ba abin mamaki ba ne. Mutumin Birnin Gwari ko Zurmi da aka kore wa shanu aka sace wa 'ya, kukansa shi ne ba a zo ba. Saurayin Ikko da aka ƙwace wa waya, kukansa shi ne an zo inda ba a kira ba. Ko wannensu gaskiya ya faɗa, gama mutanen da aka tanada don daji suna can bakin kwalta, inda aljihu ya ke.

Tsarin mulkin 1979 ya rubuta cewa rundunar 'yan sanda guda ce a ƙasa, na 1999 ya maimaita a sashe na 214. Duk da haka jihohin Yarbawa suka kafa Amotekun a 2020, Katsina ta ƙaddamar da nata 'yan tsaron al'umma cikin Oktoba 2023, Zamfara ta fito da Askarawa cikin Janairu 2024, cikin Fabrairu na shekarar kuma Shugaba Tinubu da gwamnoni suka zauna kan batun 'yan sandan jihohi. Waɗannan samari 'yan gari ne, sun san daji, sun san mai unguwa, watau an komo neman tarun da aka bari a ruwa. In aka zo majalisar Sarki neman shawara a kansu, ko neman shaidar yaron da za a ɗauka, dattawan En'e suna da abin tambaya wanda wani ba shi da shi, don sun ga yadda doka ta tashi da yadda ta faɗi. Wane laifi aka ba su da sunansa, kuma a rubuce cikin doka ko a bakin Gwamna? In sun kama mutum, su ke ajiye shi ko miƙawa su ke yi? Ranar zaɓe a ina za su kwana?

Ta wajen ajiye mutum dai doka ta riga ta yi magana. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban shari'a cikin kwana guda in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifi ta 2015, sashe na 34, ta ɗora wa majistare ya zaga ofisoshin 'yan sanda na yankinsa ko wane wata, ya nemi littafin kamu, ya ga waɗanda ke tsare da idonsa, ya ba da belin wanda ya cancanta, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta ƙarfafa haka. Malaman da suka riƙe littafin gidan Yari za su gane wannan aiki, don irinsa ne Di'o ke yi in ya zo duba fursuna: a fito da su layi, a ƙirga kai, a gwada da takardun alkali, wanda ba shi da takarda a tambayi Yari wa ya kawo shi.